Hannun Malam Iro a Kan Katako

Ban taɓa mantawa da ranar da Malam Iro mai zanen riga ya shigo ɗakin aikin nan da buhu a kafaɗa ba, ya sauke shi a kan teburina, ya ce in lalata abin da ke ciki. Ku da kuka kama aiki kwanan nan kuna ta tambayata labarin katakon nan mai tsaga a tsakiya da ke rataye a saman ƙofa, har wani a cikinku ya ce a sauke shi a rataya agogo. To, ba za a sauke ba, ko bayan na yi ritaya. Ku gyara zama in gaya muku dalili, amma sai na ɗan koma baya.

A lokacin ban daɗe da samun ƙarin girma zuwa babban mai kula da ɗakin aiki ba, a nan sashen tsara gine-gine. Ga wanda bai san tsarin ba, malamai su ke koyarwa su ba da maki, mu kuma kayan aiki ne a hannunmu. Mu ke wasa wuƙaƙe, mu ke rabawa, mu ke karɓa, mu ne kuma ake nema in wani abu ya yi ƙafa. A sama da ni akwai shugaban sashe, kuma ko allura ba ta fita daga ɗakin nan sai da saninsa. 'Yan aji biyu ake koya wa bugun katako a cikin darasin zane, don hannunsu ya saba da haƙuri kafin su koma kan kwamfuta su manta da mu.

Aikin ba shi da wuyar bayani. Ka sami katako ka goge fuskarsa da samfefa har ta yi sumul. Ka zana abin da kake so a kai, amma a juye, domin abin da ke dama a katako a hagu zai fito a takarda. Sai ka ɗauki wuƙar sassaƙa, wadda bakinta yake kamar ɗan ƙaramin indararo, ka kwashe duk inda ba ka son tawada ta taɓa. Layin da kake so ba shi kake yankawa ba, gefensa kake ci ka bar shi a tsaye. Daga nan ka shafa tawada da rola, ka ɗora takarda, ka murza bayanta da gadon bayan cokali. Lokacin da ka kama kusurwar takardar kana ɗagawa a hankali, wallahi har yau gabana faɗuwa yake yi, domin sai a sannan kake sanin abin da ka aikata. Wannan ɗagawar ce ta riƙe ni a sana'ar nan duk tsawon shekarun nan.

Akwai kuma wata al'ada ta masu wannan aiki. In an gama buga adadin da aka yi niyya, mai aikin yakan ja wuƙa ya tsaga katakon daga kusurwa zuwa kusurwa, don kada wani ya ƙara bugawa a bayansa. Ina koya wa ɗalibai wannan saboda yana cikin darasi, amma ni ban taɓa iya yi wa nawa ba. In yi makonni ina durƙushe a kan abu, sannan in sa hannuna in kashe shi? Haba! Nawa duk suna nan jibge a kabad, kuna ganinsu.

Farkon wata damina ce wata ɗaliba 'yar aji huɗu, Hauwa, 'yar cikin garin Wudil, ta tsaya bayan abokan karatunta sun fita. Muka gaisa, ta tambayi iyali, ta tambayi ruwa, ta sake tambayar iyali. Na ce, "Hauwa, in wuƙa kika ɓatar, faɗi kawai."

Ta ce, "A'a Malam, alfarma nake nema. Ba tawa ba ce, ta Baba ce."

Babanta shi ne Malam Iro. Kun san Wudil gari ne na masu ɗinkin hannu. To, kafin maɗinki ya sa allura a babbar riga, sai wani ya zana masa fasalin aikin a jikin yadin da alƙalami da tawada, shi kuma ya bi zanen da zare. Wannan zanen shi ne sana'ar Malam Iro, kuma tun kafin a haifi Hauwa unguwarsu ba ta da wanda ake ji da shi kamarsa. Sai hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko kaɗan-kaɗan, daga baya ta kai ko shayi ba ya iya kaiwa baki bai zubar ba. An je asibiti, an ba shi magani, rawar ta ragu amma ba ta tafi ba. Layin da zai ja miƙaƙƙe sai ya fito a karkace. Maɗinka suka daina kawo masa shadda mai tsada. Don kunya sai su kawo masa 'yan rigunan yara, in sun karɓa su wanke zanen a ɓoye su kai wa wani. Hauwa ta ce ya san suna yi, bai taɓa cewa komai ba, amma ya daina cin abinci sosai.

Ta buɗe jakarta ta fito da wani tsohon yadi. Zanensa ne na lokacin ƙuruciya, wanda mai shi bai taɓa dawowa ya karɓa ba. Na shimfiɗa shi a kan tebur, na daɗe ina kallo. Babu rula, babu komfas, amma dogayen askokin ƙirjin nan a miƙe suke ƙyam, tambarin kuwa, wato zagayen nan na gefen ƙirji, ya zagaye cif. Abin da take so shi ne mu kwafe zanen a katako, ta yadda Babanta zai riƙa bugawa a yadi ba sai ya riƙe alƙalami ba.

Na je wurin shugaban sashe, wani Dakta mai sanyin hali amma mai bin ƙa'ida.

Ya ce, "Malam Sabo, kayan jami'a ne fa."

Na ce, "Yallaɓai, katakon ni zan kawo, aikin kuma bayan an tashi za mu riƙa yi."

Ya ce, "To, Hauwa ta sa hannunta a ciki sosai. In malaminta ya yarda, a haɗa shi da aikinta na zango."

Katakon maɗaci na samo, busasshe, domin ba ya saurin tsagewa kuma yana riƙe siririn layi. Zanen riga ya fi ƙarfin katako ɗaya, saboda haka muka raba shi gida-gida: na askoki daban, na tambari daban, na wuya daban. Hauwa ta sha wuya, yatsunta duk suka yi kanta, ni kuma bayana ya gaya mini shekaruna. Sai matsalar tawada. Tamu ta bugawa akwai mai a cikinta, in ta kama shadda har abada ba ta fita. Tasa kuwa, ta gawayi da ƙaro, tana wankuwa amma ta cika ruwa, gangarewa take yi cikin ramukan katakon. Muka yi ta gwaji a ƙyallen alawayyo har muka gane cewa in an ɗan kaurara ta da sitaci, aka dangwala da soso maimakon rola, tana zama daram.

Ranar gwajin farko Hauwa ta zo da Babanta da yayanta Auwalu, wanda tela ne mai keke. Ranar na fara ganin Malam Iro. Dogo ne siriri, mai ƙarancin magana, hannunsa na dama a ɓoye cikin hannun riga tun shigowarsa har fitarsa. Auwalu ya danna katakon, na ɗaga. Zanen ya fito tsaf, har ma da ɗan wurin da alƙalaminsa ya taɓa tsayawa ya ƙara tawada. Malam Iro ya sunkuya ya duba daga sama har ƙasa, ya ce, "Haka nake yi da." Ya yi mini godiya mai tsawo, ya sa mini albarka, suka tafi da kayansu. Daɗi ya cika ni, na koma gida ina ta ba matata labari.

Kuma abin ya karɓu. Babbar Sallah na matsowa, aiki ya dawo gidan fiye da da. Hauwa ta kawo mini soyayyen kifi a kwano, ta ce yadi har ya rasa wurin ajiya a zaurensu. Na ce alhamdu lillahi, na rufe wannan babin a raina.

Sai wata Juma'a da hantsi, bayan Sallah da 'yan makonni. Kun san Wudil ran Juma'a, motocin shanu sun cushe hanya tun daga gada, mai hankali ba ya fitowa sai dole. Ina zaune ina wasa wuƙaƙen da 'yan aji biyu suka dakusar, sai ga sallama. Malam Iro ne shi kaɗai, gumi ya jiƙa masa hula, da buhu a kafaɗa. Na tashi na karɓe shi, na ba shi kujera da ruwa. Muka gaisa yadda ya kamata. Sannan ya nuna buhun da haɓa.

Ya ce, "Malam Sabo, ga kayanka. Ka sa abin kankara ka share fuskarsu."

Na ce, "Subhanallahi! Baba, wani ya karye ne?"

Ya ce, "Babu abin da ya karye. Shi ya sa."

Na zauna. Ya yi magana a hankali, idonsa a ƙasa, ba ya ɗaga murya.

"Da in mutum ya kawo yadi, zama yake yi. In tambaye shi wa zai sa, dogo ne ko gajere, ango ne ko dattijo, na zuwa Idi ne ko na zaman gaisuwa. Sai na ga mutumin a raina sannan in ja layi. Yanzu a tsaye suke zuwa. Su gaishe ni, su tsallake ƙafata, su ce wa Auwalu, buga mana ta Malam. Auwalu bai yi laifi ba, hannunsa ya fi nawa ƙarfin dannawa. Amma jiya wani ya zo daga Darki, bai san ni ba, ya tsaya a kaina yana duba zanen yana cewa, Allah sarki Malam Iro, ai hannunsa ba a magana. Ina zaune a gabansa. Saura kaɗan ya roƙa mini gafara."

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Lokacin da hannun nan ya lalace, mutane na gudu na, amma sun san ina raye. Yanzu ba wanda ke gudu na."

Ba zan ɓoye muku ba, tausayinsa ya kama ni, amma kuma raina ya ɓaci. Na tuna bayana, na tuna yatsun Hauwa, na tuna cewa gida guda ne ke ci daga abin da ke cikin buhun nan. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Iyalinka fa suke ci a kai."

Ya ce, "Sun ci kafin katako."

Kun san halina, in aka taɓa mini aiki bakina ba ya tsayawa. Na zazzage buhun, na zaro katakon tambari, na tokare shi da mariƙin teburi, na ajiye sabuwar wasasshiyar wuƙa a gefensa. Na ce, "Ni ban taɓa kashe aikina ba, ba kuma zan fara yau ba. Zanenka ne. In kashe shi za a yi, kai za ka kashe da hannunka." A raina na tabbata ba zai iya ba. Na ce zai ji kunya, ya huce, in rarrashe shi ya koma da kayansa.

Ashe ban san mutumin ba. Ya miƙe, ya zaro hannun nan daga cikin riga. Ranar na fara ganinsa a fili. Rawa yake yi sosai, da ya ɗauki wuƙar sai da ƙotarta ta riƙa ƙwanƙwasa teburin. Ya kai bakinta kan katako, ta zame. Ya sake kaiwa, ta zame. Na buɗe baki zan ce ya bari haka nan, sai ya ɗora hannun hagu a kan na dama, ya cusa tsinin a cikin katakon da ƙarfi, ya jingina kafaɗarsa, ya tura.

Ɓawon katako ya nannaɗo ya taso a gaban wuƙar. Ni ina jiran in ga kaca-kaca, sai na ga layi yana tafiya miƙe sak, daga baki har tsakiyar tambarin. A nan ya tsaya. Ya zare wuƙar, hannun ya ci gaba da rawarsa. Ya mayar da ita cikin ramin, rawar ta lafa. Ya sake zarewa, ya sake mayarwa.

Ya ce, "Malam Sabo, ka gani?"

Na ce, "Na gani, Baba."

Ya sake sunkuyawa a kan katakon. Ya ja wani layin a gefen na farko, sannan ya gwada mai lanƙwasa. Tambarina dai ya tashi daga aiki, amma shi ya manta da maganar kashewa, wasa yake yi da wuƙa kamar wanda aka ba sabon abu. Ni kuma ina tsaye, idona ya cika da hawaye, ban san ko na tambarin ba ne ko nasa. Sai da aka yi kiran sallar Juma'a muka ankara, muka tafi masallaci tare, buhun yana nan a ƙasa.

Ni ba likita ba ne, kuma ban ce kowane hannu mai rawa haka zai yi ba. Abin da na sani shi ne, alƙalami yawo yake yi a saman yadi, babu abin da ke riƙe da shi sai yatsu. Wuƙa kuwa in ta shiga, katakon ne ke riƙe da ita. Yana turjewa, kai kuma da kafaɗa kake turawa, hannu biyu a haɗe. Na yi shekaru ina jin wannan turjiyar a tafin hannuna, ban taɓa tunanin za ta iya zama magani ga wani ba.

Kada ku zaci daga nan komai ya tafi daidai. Ranar Litinin Auwalu ya zo fuska a murtuke. Ya ce, "Malam, riguna na jira, ga shi babu tambari." Na mayar masa da sauran katakan, na ce zan sassaƙa wani. Da maganar ta je kunnen Malam Iro ya ce bai yarda ba, shi zai yi da kansa ko a bari. Aka bari. Wasu maɗinkan suka gaji da jira, suka kwashe yadinsu suka kai wani wuri, kuma Auwalu ya daɗe ba ya sakar mini fuska. Da na ce zan koya wa Babanta sassaƙar, Hauwa ita kuka ta yi, ta ce, "Malam, mutumin da ba ya iya riƙe kofi za ka ba wuƙa? In ya yanke yatsa fa?"

Shugaban sashe ma tambayar da ya yi ke nan. Ƙa'ida ba ta yarda wanda ba ɗalibi ba, ba ma'aikaci ba, ya taɓa kayan ɗakin nan.

Ya ce, "In ya ji ciwo wa zai amsa?"

Na ce, "Ni, Yallaɓai."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Lokacin hutu kawai, kana tsaye a kansa, kuma da wuƙarka ba ta jami'a ba. Hannu biyu a bayan kaifi."

Na koyar da ɗalibai masu taurin kai, amma ban taɓa haɗuwa da irin Malam Iro ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana jan layi, ka ce masa yanzu layin ne abin da zai bari, gefe zai ci. Sai na juya baya ya bi layin ya kwashe shi tas. In na yi magana ya ce, "Kai yaro, tun ba a haife ka ba nake wannan fasalin." Ni da furfurata! In ya yanka a kan jijiyar katakon siririn layi ya ɓalle, sai ya ce katakon ne ba shi da kunya. Wata rana ya yi jifa da guda har ya kusa fasa mini taga, ya ɗauki takalmansa ya tafi, na ce shi ke nan an huta. Washegari na tarar da shi a bakin ƙofa tun kafin in buɗe. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne zagaye, har ya gane da kansa cewa ba hannu ake juyawa ba, katakon ake juyawa wuƙa tana wuri ɗaya. Ya taɓa yanke ɗan yatsa sau ɗaya, kaɗan, muka ɗaure, muka haɗa baki ba mu gaya wa Hauwa ba.

A cikin kwanakin nan ne ya ga katakan ɗalibai masu tsaga a tsakiya, ya tambaye ni dalili. Na yi masa bayanin al'adar. Ya ce, "Kai ma haka kake yi?" Na ce a'a, ni ba na iyawa. Ya yi murmushi, ya ci gaba da aikinsa.

Kafin hutu ya ƙare ya gama tambarinsa. Ba zan yi muku ƙarya ba, bai kai na ƙuruciyarsa kyau ba. Layin ya fi kauri, kuma duk inda wuƙa ta fara shiga akwai ɗan cizo, domin a nan rawar ke kama shi kafin katako ya karɓa. Amma ba kwafin tsohon ba ne, wani sabon fasali ne da bai taɓa zanawa da alƙalami ba. Maɗinka suka ɗan yi gunaguni, daga baya suka ga zare yana rufe cizon. Na kai wa wani maƙeri guntun sifirin ɗin mota ya ƙera masa wuƙaƙe masu kaurin ƙota, ya koma zaurensa da aiki.

Dabarar da ya ɓullo da ita tasa ce, ba tawa ba. Ya ƙi sassaƙa cikakken zane. Ƙananan gutsattsari yake yi, iri-iri, cike da kwando, kuma shi ke zaɓen wanda zai hau wace riga da inda zai zauna. Ya nuna da sanda, Auwalu ya danna. Mai gaggawa har gobe yana tsayawa a ƙofa a buga masa tsohon zane ya wuce, ba a hana shi. Amma tabarmar baƙi da aka naɗe a zauren an sake shimfiɗa ta, kuma ana zama a kanta.

Shekara ta zagayo, na tashi aurar da 'yata ta fari. Na sayi farar shadda, na hau mashin na nufi gidansu ina sauri, domin ɗalibai na jira na. Ko kashe mashin ɗin ban yi ba, na leƙa zauren na miƙa wa Auwalu yadin, na ce cikin tsokana, "A buga mini ta Malam."

Malam Iro ya ce, "Kashe mashin ɗin nan ka shigo ka zauna."

Na kashe, na zauna. Ya tambaye ni wace 'yar ce, wa za ta aura, a masallaci za a ɗaura ko a ƙofar gida. Ya sa na miƙe, na juya, na sake zama. Ya ce kafaɗata ta dama ta fi ta hagu sauka, murza cokali ne ya ja mini. Sannan ya tona kwandonsa, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga wancan ya ajiye. Ya ce, "Ba ni da taka. Ka bar yadin, zan aiko."

Bikin na matsowa, shiru. Matata ta fara cewa in sayi wata rigar kawai. Sai ga Hauwa, wadda a lokacin ta gama karatu tana jiran bautar ƙasa, ta ce Baba na kira. Na tarar an shimfiɗa shaddar, an buga askoki da wuya, saura gurbin tambari. Ya fito da sabon katako daga ƙarƙashin buzunsa. Wannan karon bai ba Auwalu ba. Auwalu ya riƙe yadin, shi ya dangwala tawada, ya ɗora, ya haɗa hannu biyu ya danna da nauyin jikinsa. Ya ce, "Ɗaga, ai kai ka fi son wurin nan."

Na ɗaga. Jama'a, na ga bugu a rayuwata, amma ban ga irin wannan ba. Zagaye ne a cikin zagaye, layukan suna shiga ƙarƙashin juna suna fitowa, kuma ya ɗan karkata shi ta yadda in rigar ta hau saukakkiyar kafaɗata zai zauna daidai. Na juya katakon a hannuna ina shafawa, na ce, "Baba, wannan ai sai a adana shi da kyau. Duk wanda ya gan shi a jikina zai zo nema."

Ya miƙo hannu, na ba shi. Ya tokare shi da dokin ƙofa, ya ɗauki wuƙa, ya ɗora hagu a kan dama. Kafin in gane abin da ke faruwa ya tura ta daga kusurwa zuwa kusurwa.

Na ce, "Baba!" Har Auwalu sai da ya dafe kai.

Ya hure garin katakon, ya ce, "Ba kai ka ce haka masu sana'ar ke yi ba? An buga adadin da aka yi niyya. Wanda ya gani yana so, ya zo ya zauna." Ya miƙo mini shi. "Ungo, kai mai ajiye-ajiye."

Shi ne wannan da ke saman ƙofa. Abin da na koya a wurin mutumin nan shi ne, katako ba ya gajiya, ba ya tsufa, abin da ka sa masa shi zai yi ta maimaitawa ko kana nan ko ba ka nan. Wannan ne daɗin sana'armu, kuma a nan ne take iya cutar da mutum ba tare da kowa ya yi niyya ba. Saboda haka duk wanda ya zo muku da aikin hannun wani ya ce ku sa shi a katako, ku yi, amma ku fara tambaya ina mai hannun zai zauna in katakon ya kama aiki.

Malam Iro yana nan da ransa, hannun ya ƙara rawa, yanzu Hauwa ce ke ba shi shayi a baki in ta zo gida. Amma wanda ke son agogo a wurin nan, ya ɗauki rula ya hau kujera ya ɗora ta a kan tsagar nan tukuna. In ya sami inda ta karkace, ni da kaina zan sauke katakon.